Kwalbar Man Shanu a Kan Taga

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafarki, yaya hawan jinin Baba? Auta ta huce da ni kuwa?

Man shanun da kika aiko ya iso, ko ɗigo bai zube ba. Allah ya saka da alheri. Na san hotona kika gani kika ce na rame. Ba yunwa ba ce, Inna, umarnin likita ne.

Kada hankalinki ya tashi, da sauƙi. Nauyi na riƙa ji a gefen dama, aka duba aka ce kitse ya fara taruwa a hantata. A gidan abincin da nake aiki, mai ɗaya muke ta suya da shi har ya yi baƙi, ragowar suyar kuma ita ce abincinmu. Likita ta hana ni. Ta ce man da ke daskarewa in ya huce, yawansa yana wahalar da zuciya. Man gyaɗa da na zaitun sun fi sauƙi, su ma da cokali.

Don Allah a rage wa Baba mai a miya. In ya yi faɗa, ki ɗora min laifin. Tsohon man suyar da kike tarawa a gwangwani kuma a zubar, ko da zai yi miki ciwo.

Naki kam ban ci ba, ban kuma bayar ba. Yana kan taga. Kafin in fita aiki nakan buɗe in shaƙa, sai in ji kamar kina bayana kina cewa in ƙara.

Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki na fari