Ruwan gishiri a ɗakina

Dogon Dutsi, daren Laraba

Yau ɗana Harisu ya zo, ko zama bai yi ba. Ya tsaya yana hararar akwatin gilashin da na cika da ruwan gishiri, da duwatsun da na kwaɓa da siminti, da kabad ɗin da na ƙera da hannuna.

"Baba, a kasuwa ana cewa ƴan ruwa kake kiwo. Wai bori ka koma."

Na ce masa murjani ne da kifayen teku. Lokacin da nake jan babbar mota zuwa Kwatano, bakin teku kaɗai hankalina ke kwanciya. Yanzu ƙafa ta hana ni tuƙi.

Bai saurara ba. Ya ce in ban zubar da ruwan ba, ɗiyansa sun bar shigowa gidan nan.

Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke tun magariba, famfon da ke hura wa ruwan iska ya tsaya. Ina ta motsa ruwan da ludayi kada kifayen su shaƙe. Guda ya riga ya mutu, ɗan rawayan da jikata Hadiza, ɗiyar Harisu, ta raɗa wa suna. Ban san wanda zai gaya mata ba.