Audugar Tamawa

Landan, Disamba 1966

Zuwa ga Yaya Tani, a Kurfi.

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya Inna da gwiwarta? Yaron nan da na bar muku yana cin tuwo kuwa?

Ni lafiya lau, sai dai ƙullutun nan da na gaya miki. Likitoci sun yi mini aiki, sun cire nonon hagu. Kada ki yi kuka, har kallabi nake ɗaurawa da kaina.

Likitan ya ce in ina so za su sake yankawa su sa wata jakar roba a wurin. Na tambaye shi ƙarshenta, ya ce sabon abu ne, tana iya taurarewa ko ta fashe. Maigida ya ce jikina ne, in zaɓa. Na yi istihara, na ce a'a.

Roƙona ɗaya. In an ciri audugar gonarmu ta Tamawa, Inna ta shiɓe mini dunƙule guda da bakanta na shiɓa har ya yi laushi, ki ɗinke shi a farin ƙyalle ki aiko mini, in riƙa sawa cikin riga a gurbin nonon. Kada ki gaya mata dalili tukuna. Abin da zai zauna kusa da zuciyata, gara wanda hannun Inna ya taɓa.

Ƙanwarki,
Zinariya