Katakon da ka kira wasa

Norway, 9 ga Fabrairu, 1963

Zuwa ga yayana Ɗangiwa, a Sanyinna.

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya Inna da jiki? Yaya Zahara'u da yara? Ni lafiya lau nike, sai sanyi.

Abokina Maccido ya rubuto mini cewa ka ɗauki hoton da na aiko wa Inna kana yawo da shi kasuwar Tambuwal, wai gwamnati ta turo ni koyon awon ƙasa na koma wasan zamiya. Har wurin magatakarda ka kai ƙara a maido ni gida. Haba Yaya! Uwa ɗaya uba ɗaya?

Duwatsun da muke aunawa dusar ƙanƙara ta rufe su, ko doki ya hau sai ya nutse. Dole mu ɗaura katakon zamiyar nan da ka gani a hoton a ƙafa, kayan awo a baya. Ranar rabon katakon Turawa suka kwashe marasa nauyi, aka bar mini tsofaffi, kowanne kamar taɓarya. Na ce wa mai sito sun yi nauyi. Ya ce, "Ai ku kun saba da dako." Haka na hau da su, na riski sauran bayan awa fuɗu, na gama awona.

Sanyin ranar ya ci mini yatsu biyu na ƙafa, likita ya cire. Ba komai, ina takawa.

Jarrabawa saura wata uku. Ka koma wurin magatakarda ka janye maganarka da bakinka. Zancen yatsu kuwa, kada Inna ta ji. Ka ce mata na yi ƙiba.

Allah ya shirye mu.

Ƙanenka,
Na'iya