Faifan da Baba Ya Gyara

Vermont,
Laraba, 18 ga Satumba.

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Mama, da gwiwar nan taka mai tashi idan sanyi ya fara. Ni lafiyata ƙalau. Na iso jiya da hantsi, motar ma ba ta ba ni wahala a hanya ba.

Na ga kiranka sau huɗu. Ban ɗauka ba, kuma ba zan ɗauka ba sai an gama gasar nan, domin abin da zai fito daga bakina a waya ba zan iya mayar da shi ba. A takarda kuwa ina iya sokewa.

Kwana biyu kacal na yi a gida, na ajiye jakar faya-fayaina a garejinka. Yau da safe na shiga dajin da za a yi gasar jefa faifan roba cikin kwando don in gwada hannu, na zaro ɗan rawayan faifaina, sai na ji yatsana ya zame a bakinsa. Sumul. Babu kushe ko ɗaya. Na kira Mama, ta ce ta gan ka ranar Lahadi da na'urar hura zafi da samfefa, kana cewa, "Yarinyar nan ƙwararriya ce, amma tana yawo da abu kamar kare ya tauna."

Baba, shekara arba'in kana gyaran jikin mota, na san idonka ba ya jure ganin lotsa. To amma wannan ba ƙofar mota ba ce. Shekara tara ina jifa da faifan nan. Tsagar da ka cike, itace ne ya yi ta a Oregon. Gefen da ka miƙe, dutse ne a Texas. Sabon faifai idan ya kusa sauka yana karkata hagu. Wannan kuwa ya sha duka har ya daina, yana tafiya ƙafa ɗari uku a miƙe kamar an ja shi da zare. Ba a sayen haka a kanti. Yau na jefa shi sau goma: shida ya yi hagu, uku ya yi dama, ɗaya ya tafi daidai, kuma ban san dalili ba.

Sannan akwai doka. An yarda a ɗan goge wurin da ya karce, ba a yarda a gasa faifai a sake masa siffa ba. Ka ɗaukar mini jaka a gasa huɗu, ka ji ana maganar nan da kunnenka. Faifan ya haramta a filin gasa.

Ka san inda nake a jerin 'yan wasa. Mata arba'in ake ba katin ƙwararru na badi. Ni ce ta arba'in, Jolene Prather ce ta arba'in da ɗaya, kuma wannan ce gasa ta ƙarshe. Wadda ta gama a gaban 'yar'uwarta ita ce da kati. Filin nan kuma daji ne tsantsa, rabin kwandunansa sai an bi ta lungu tsakanin itatuwa, irin aikin da na ajiye wa ɗan rawaya tun watan Yuli.

Tambaya ɗaya ce: me ya hana ka tambaye ni? Ina kicin, taku goma daga inda kake.

Ka gaishe da Mama da Goggo Bev. Ka sha maganinka.

Taka,
Noreen

Vermont,
Asabar, 21 ga Satumba.

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kowa lafiya a Duluth. Mama ta ce an fara ƙanƙara da safe, kada ka fita ba hula.

Wasiƙar farko ma ba ta iso gare ka ba tukuna, na sani. Ga ta biyu.

Ban cire faifan daga jaka ba. Wannan laifina ne, na rubuta shi tun farko don kada ka ce na ɓoye nawa. Na ce a raina zan bar shi a gurbinsa, na uku daga hagu, ba zan taɓa shi ba. Jakar babu shi kamar baki ne da aka cire wa haƙori.

Ranar Alhamis da aka fara gasar na kiyaye. Jiya Juma'a aka haɗa mu rukuni ɗaya da Jolene da wasu biyu. Mun zo kwando na sha ɗaya, wanda hanyarsa ba ta fi faɗin ƙofar garejinka ba. Ina kallon lungun, ina auna iska, hannuna ya shiga jaka da kansa, na uku daga hagu, kamar yadda ya saba shekara tara. Sai da faifan ya bar yatsuna na ga launin.

Da ya daki itace ya faɗa rafi, da na ji sauƙi. Sai ya tafi a miƙe, ya ratsa lungun bai taɓa ko ganye ba, ya kwanta ƙarƙashin kwando. 'Yan kallo suka yi ta tafi.

Ka san wasanmu ba alƙali mai bin mutum. Mu huɗun nan mu ne alƙalan juna. Da na sunkuya na ɗauke shi, Jolene ta dubi bakinsa, ta dube ni, ta ce, "Kai, Noreen, tsohon mijin naki gyaran fuska aka yi masa? Ya koma saurayi." Sauran suka yi dariya, ni ma na yi. Ba ta ce a duba shi ba. Aka rubuta mini jifa biyu a kwandon, na sa hannu a takardar maki, na tafi ina gaban Jolene da ɗaya.

Na yi shekara shida ina ɗauko wa jarida labaran kotu kafin in koma wasa. Na sha zama ina kallon mutane suna bayanin yadda ba da gangan suka yi ba, sannan suka yi shiru. Jiya da yamma na zauna a mota ina cin wake na gwangwani, na ji ina tsara wa kaina irin wannan bayanin, kalma bayan kalma. Abin da ka jawo mini ke nan, kuma ya fi lalata faifan ciwo.

Yau da safe na je rumfar Dwight, shugaban gasar, na ajiye faifan a teburinsa, na gaya masa komai. Ya bi bakin da babban yatsa, ya ce, "Wa ya yi aikin nan? Ina da tsohuwar mota da ke nemansa." Da ya ga ban yi dariya ba, ya buɗe littafin doka, ya ƙara mini jifa biyu, ya sa faifan a aljihun tebur. A wasan da mai ƙarancin jifa ke gaba, daga gaba da ɗaya na koma baya da ɗaya. A wasan yau mun yi kunnen doki da Jolene, tana nan gabana da ɗaya. Saura gobe.

Kada ka kira. A gaida Mama.

Noreen

Ohio,
Lahadi, 6 ga Oktoba.

Zuwa ga Babana,

Ina gaisuwa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Na ji an kai ka asibiti an duba gwiwar, Allah ya ƙara sauƙi. Ina gidan ƙawata Priscilla, ina taya ta koyar da wasan a wata makaranta.

Ka ga sakamakon. Jolene ta gama a gabana da jifa ɗaya. Ka cire biyun nan, ka ga wa ke da kati. Ba sai na yi maka lissafin ba.

Bayan an tashi ta same ni a wurin ajiye motoci, ina ɗaure kaya. Ta ce, "Wawiya, na gani fa tun Juma'a. Na yi shiru ne don ba na son in ci ki a tebur." Na ce, "To ai a tebur kika ci ni." Ta ce, "Ke kika kai kanki, 'yar'uwa." Muka tsaya, ita tana kuka, ni ina riƙe da igiya. Ba ni da abin da zan riƙe ta da shi.

Kwalinka ya iso ranar Alhamis. Sababbin faya-fayai goma, duk rawaya, har da takardar kanti a jiki. Na karanta wasiƙarka sau uku. Ka ce ai faifan roba ce kawai. Ka ce da kyakkyawar niyya ka yi, har sau biyu. Duk wannan da na haɗiye. Amma a ƙasa ka rubuta, "Reenie, ba wanda ya kama ki, me ya kai ki faɗa?"

Na nemi wurin da ka ce ka taɓa kayana ba izini. Na juya takardar, na duba cikin kwalin. Babu. A wurinka faifan ya fito da kyau, kuskuren kawai shi ne bakina. Mama kuma ta ce kana gaya wa abokan shan kofinka cewa wata doka marar kan gado ce ta hana 'yarka kati. Ba doka ba ce, Baba. Kai ne da samfefarka, sai ni da hannuna.

Shekaruna talatin da huɗu. Badi ba ni da gurbi a manyan gasa. Zan bi ƙananan, ina neman shiga ɗaya bayan ɗaya tare da 'yan shekara sha tara, kuma kamfanin da ke ba ni kaya ya riga ya ce sai sun sake tunani. Ban yanke shawarar ko zan ci gaba ba. Idan na yanke, Mama za ta fara ji.

Na ba ɗaliban Priscilla faya-fayan goma, sun gode.

Ka tambaya ko zan zo bikin godiya a Nuwamba. Zan zo. Zan ci talo-talon Mama, zan wanke kwanuka. Jakata za ta kwana a mota, a kulle, makullin yana aljihuna. Goggo Bev za ta tambayi abin da ya faru a Vermont, ka san ba ta iya shiru. Kai za ka ba ta amsa, a teburin, ina zaune. Ka fara daga waccan Lahadin a gareji, ka faɗe shi yadda ya faru, kada kalmar niyya ta fito. Idan ba za ka iya ba, ka rubuto mini kafin lokacin, in ci nawa a Ohio.

Ka gaishe da Mama, ka rage hawa tsani.

'Yarka,
Noreen Lindqvist