Soro Mai Hular Kwano

Surko, Birnin Kudu
Fabrairu, 1976

Zuwa ga Maigida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka a Ikko. Mu nan lafiya lau, tarin 'yarmu Zahara'u ma ya tafi.

Albishirinka, an sa harsashin gidanmu! Wallahi ranar ko tuwo ban iya ci ba don murna, ina ta leƙe ta kan danga. Ƙaninka Sabo ne tsaye a kan aikin, shi da Malam Hambali magini, kuma duk abin da aka yi sai ya shigo ya faɗa mini.

Sai dai akwai magana. Baba ya ji bulo da kwano ka ce a yi, ya ce shi ba zai kwana ƙarƙashin kwano ba. Wai bazarar da ya yi jinya a gidan Alhaji Maikano a Birnin Kudu, ɗakin dafa shi ya yi kamar rogo. Ga soron da yake ciki ya tsage tun daga indararo har ƙasa, hannu yana shiga. Ɗakin nan ba zai ga ƙarshen damina ba, kuma ka san mahaifinka in ya kafe. Tsoro nake ji ƙwarai.

Siminti ya yi wuya, wanda aka samu iyakar ɗakin Baba zai yi. Don kada aiki ya tsaya, na ce wa Sabo a tada turakarka da tubali. Kada ka yi fushi tukuna.

Ka huta lafiya.
Taka, Safiyatu

Surko
Afrilu, 1976

Zuwa ga Maigida,

Ina gaishe ka, ya aiki, ya zafin gari? Takardarka ta iso, na karanta faɗan tsaf, har na maimaita.

Ka ce mutumin Ikko da ginin ƙasa abin dariya ne, kuma in don zafi ne za ka kawo fanka da inji. To injin me zai sha? Kananzir ɗin fitila ma sai Sabo ya taka keke har Gwaram, wani lokacin ya dawo da galan wayam.

Da ma ka ga turakar nan da idonka! Bangon kauri gare shi, kamu biyu. An yi rufin azara aka zuba ƙasa, sannan aka ɗora kwano a sama kamar hula, aka bar fili tsakani iska tana ratsawa. Ka ga ruwa ba zai ci ƙasar ba, zafin kwanon kuma ba zai sauko ba. Kwanonka dai yana nan yana ƙyalli, daga hanya ake hango shi. Tagoginta kudu da arewa suke kallo, rana ba ta shigowa hantsi ko la'asar, amma da haske, har magariba ba a neman fitila. An shafe waje da farar ƙasa. Darbejiyar nan ta yamma da ka ce a sare, na roƙa an bar ta, ita ke tare ranar yamma.

Ni ma na samu rabona. An gina mini murhun ƙasa mai baki ɗaya, iska ba ta kwashe wutar, itacen da nake ƙonawa a yini yanzu har washegari yake kai ni.

An gama ɗakin Baba na bulo. Ya leƙa da rana, ya fito yana sharce gumi, ya koma tsohon soronsa. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Allah ya tsare mana kai.
Taka, Safiyatu

Surko
Mayu, 1976

Zuwa ga Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri.

Baba ya bar tsohon ɗaki!

Ga yadda aka yi. Ni ba na iya tsayawa gabansa in yi masa gardama, sai na sa Sabo ya roƙe shi ya zo ya sa wa turakarka albarka. Na ce lallai sai bayan azahar, lokacin da ƙasa ke ƙona ƙafa. Na shimfiɗa tabarma, na ajiye fura a ƙofa, na koma madafa ina kasa kunne. Ya shiga, ya yi addu'a, aka shafa. Sabo ya fito, shi bai fito ba. Shiru, shiru, sai muka ji minshari. Mutumin da rabonsa da barcin rana tun shigowar bazara! Sai da aka kira la'asar ya farka, ya ce da Sabo, "Ɗauko mini buzuna da butata."

Ban jira ya sake shawara ba. Kafin magariba na sa an kwashe kayansa kaf, washegari su Sabo suka ɗaye rufin tsohon soron. Azarar duk gara ta cinye ta, da hannu ake marmashe ta. Da na gani sai da na zauna na yi kuka. Jiya aka yi ruwan farko mai iska, na tsaya a ƙofa ina kallo, hankalina kwance.

Yanzu saura kai. Turaka dai ta zama ta Baba, ba kuwa wanda ya isa ya tashe shi. Ɗakin bulo da kwano da ka yi ta faɗa a kansa shi ya rage, na share shi, na sa maka gado a ciki. Ka zo da wuri ka kwana biyu a ciki, sannan mu yi maganar yadda za a gina na gaba.

Baba yana sa maka albarka, Zahara'u tana gaishe ka. Ni kuwa kewarka ta ishe ni.

Taka har kullum,
Safiyatu