Ɗorin Kawu da Hannun Ƙanena Ɗan Golf

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a sakaya sunana, garinmu ƙarami ne, ko da tari ana gane mutum. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku hanzarta, don abin da ke gabana ba ya jira.

Ni dillalin wake da gyaɗa ne, ina saye a ƙauyukan Madarumfa, in yi lodi ta Ɗan Issa zuwa Katsina da Kano. Ban yi nisa a lakwal, wato boko, ba, kasuwa ce ta karantar da ni, kuma ba ni da saurin ruɗewa. Na taɓa tsayawa ina kallo kamiyo, babbar motar kaya, ya kife da kayana, ranar ban fasa cin tuwo ba. Amma wannan karon na rasa inda zan kama.

Ina da ƙane, bari in kira shi Habu, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na riƙe shi tun rasuwar mahaifinmu. Na kai shi Kano don ya riƙa karɓar mini kaya, sai ya ɓige da zuwa filin golf, wasan nan da manyan mutane ke bugun ɗan farin ƙwallo da sanda har ya faɗa rami. Da farko jaka yake ɗaukar musu, in sun tashi ya ari sanda ya gwada. Na yi faɗa har na gaji, rannan sai na je da kaina. Ban san wasan ba, amma na san kaya mai kyau in na gan shi, na ga alhazai suna dakatar da nasu wasan don su kalli bugunsa. Daga ranar na bar faɗa, na saya masa sanduna na hannu. Ya kwana a tasha, an sha fitar da shi daga gasa tun zagayen farko, shekaru yana wannan fama. Bara ya shiga sahun ƙwararru, waɗanda wasan ne abincinsu, kuma bayan azumi zai fita gasa waje karo na farko. Shekarunsa sun fara ja, yara suna bayansa suna jiran gurbin.

Da kakar nan ya zo gida gaida Inna, ya tarar ana zuba gero a rumbu. Taubasansa na gida suka sa shi gaba, wai ga mai safar hannu ɗaya irin ta 'yan golf ya zo, wai tafinsa ya fi na amarya laushi, ko dami ɗaya ba zai iya cillawa ba. Shi kuma ya cire riga ya hau rumbun, ƙafa ta zame, ya faɗo ya dafe ƙasa da hannun hagu. A wasansu hagun ne ke jan sanda. Ina Ɗan Issa ina lodi, kafin in iso an riga an kai shi wajen Kawu a wani ƙauye na gundumar Sarkin Yamma, an ɗora.

Kawu yayan Inna ne, maɗori ne na gado, kuma ba zan ci amanarsa ba, ya iya. Ƙafar da nake takawa yau shi ya ɗora ta, ko sanyi ba ta ji. Da mahaifinmu ya rasu, daga rumbunsa muka ci har na tsaya da ƙafata. Shi har yanzu yana kan al'adar kakanni, ba ya salla. A tsarinsa, in ya ɗora mutum yakan karya ƙafar kaza ya ɗaure ta tare, yadda kaza ta warke haka mai karaya zai warke, kuma ɗorin da ya ɗaura ba mai kwancewa sai shi. Duk tsawon rayuwarsa ba a taɓa kwance masa ɗori an kai wani wuri ba.

Kumburi ya sauka, kowa na hamdala, amma ni idona bai kwanta ba. Na danna gindin babban yatsansa kamar yadda nake danna buhu, na ga ya cije leɓe. Sai na ce wa Inna zai raka ni Maraɗi duba kaya, na wuce da shi asibiti aka ɗauki hoton ƙashi, ɗorin na nan a hannunsa ba mu taɓa ba. Likita ya nuna mini wani ɗan ƙashi a wuyan hannu, bai fi ƙwayar gurjiya ba, ya rabe biyu kuma ya goce. Ya ce karan ɗori ba ya kai wa gare shi, sai an yi aiki an haɗa shi da ƙarfe, kuma kowane mako da ya wuce ƙashin na ƙara mutuwa. Na ce ya gaya mini gaskiya irin ta ciniki. Ya ce in an bar shi hannun zai yi noma, zai ɗauki kaya, amma golf ya ƙare.

Na ɗauki goro da turmin atamfa na tafi wajen Kawu, na durƙusa na yi masa bayani a hankali, har hoton na nuna masa. Bai karɓa ba. Ya sa aka kamo kazar aka sake ta a tsakar gida, ga ta tana tafiya tana tsattsage. Ya ce hannun da zai riƙe hauya me kuma ya rage masa, ya ce shi bai hana ni ba, amma in wuƙar likita ta taɓa igiyarsa, to in sani na gaya wa duniya hannunsa na ɗori ya mutu, kuma kada mu sake tako ƙofarsa, da rai ko da gawa.

Na dawo wajen Inna ina zaton za ta taya ni, sai ta yi kuka ta ce: "Kun bar cin yankansa, kun bar zuwa bikinsa, bai ce komai ba. Abu ɗaya ya rage da yake yi muku, shi ma za ku ƙwace?" Ta ce in na kwance ɗorin ɗan'uwanta kada in ƙara kiranta Inna.

Habu kuwa kullum da la'asar yana bakin tabki da sanda guda, yana lilo da ita da hannun dama, ba ƙwallo ba komai. Na tambaye shi me yake so, ya ce, "Yaya, kai ka kai ni Kano, kai za ka ce." Na san yaron nan, ba zai iya saɓa wa Inna da bakinsa ba, so yake in ɗauke masa.

Na yi tunanin dabara, a yi aikin a ɓoye a mayar da kara da igiya a kai. Kawu ya san ƙullinsa ko a duhu, kuma ni ban taɓa zuba wake mai kyau a bakin buhu in ɓoye mai ƙwari a ƙasa ba. Na aika dattijai biyu, ya ba su fura ya sallame su.

Jiya na koma ƙauyen, na zauna ina kallon kazar nan da idon da nake kallon kaya. Tana tafiya, gaskiya ne, amma tana ɗan ɗingishi, kaɗan ne, ba kowa zai lura ba. Ita ba ruwanta, tsaba kawai take nema. Habu kuwa ɗan wannan gocewar ita ce tsakanin rami da daji.

Likita ya ce in kawo shi ranar kasuwa mai zuwa, bayan nan ba ya ɗaukar alkawari. Jama'a, ku gaya mini. In kai shi a kwance ɗorin, in rasa uwa da mutumin da ya ciyar da ni, ko in bari, in yi ta kallon ƙanena yana auna mini wake da hannun da alhazai ke tsayawa kallo? Wanda ya san yadda ake shawo kan tsoho irin Kawu ba tare da an karya shi ba, don Allah ya faɗa mini. Mota na ƙofar gida, mai a cike, ban dai san inda zan juya kanta ba.