Ka Zo Ka Ga Wuyan Ɗanka

Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da aiki, ina fatan zafin garin Yanbu bai yi maka yawa ba. Saƙon da ka aiko direba da shi ya iso, wai in bi abin da Hajiya mahaifiyarka ta ce, wai kuma na kunyata gida. To, na ji, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

Ka san tun da aka yaye Bashir yake hannun Hajiya a unguwar Awali. Ɗan fari ne, na kawar da kai kamar yadda aka koya mini, ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa a gaban mutane. Amma wandunansa ni ake aiko wa in wanke, kuma shekara da shekaru jini nake gani a jikinsu. Duk sanda na yi magana sai a ce basir ne na yara, a dafa masa saiwa.

Bayan Sallah idanunsa suka yi rawaya, fitsarinsa ya koma kalar shayi, yana susa har fata ta tsage. Hajiya ta ce ciwon shawara ne. Ta kai shi wurin wani tsoho a bayan gonakin dabino, aka sa ƙusa a wuta aka ɗora masa a wuya da wuyan hannu. Ba a gaya mini ba, sai da ya kasa sa riga na gani.

Da muka je asibiti, likitan, wani Bamisire, ya tambaya ko yaron ya taɓa ciwon ciki. Hajiya ta ce, "Abadan, lafiya lau yake, ido ne kawai." Ta harare ni. Ni kuwa na buɗe baki na ce ni ce uwar Bashir, na faɗi zawon da yake fama da shi, na faɗi jinin, na faɗi ramar da ya yi. Wannan ne abin kunyar da aka kai maka labari.

Likitan ya ce ciwon hanji ne tushe. A wasu yara 'yan kaɗan yakan haura ya taɓa hanta, ya ƙuntata hanyoyin da ruwan matsarmama ke bi. Ya ce a kai shi Riyad a duba hantar, kuma ba za su karɓe shi ba sai da ubansa.

Kai ne uban, Malam. Hajiya ta riga ta sa ranar komawa wurin tsohon, Juma'a mai zuwa, wai wutar farko ba ta kama ba. Ina girmama Hajiya, ta yi wa yaron nan wahalar da ba zan iya biya ba. Amma ba zan sake miƙa wuyansa ba, ko da duk Awali za ta ce ba ni da kunya.

Jiya ina shafa masa man zaitun a baya saboda ƙaiƙayin, ya juyo ya tambaye ni ko yanzu an yarda ya ce mini Umma. Na ce an yarda.

Allah ya ba shi lafiya, ya sassauta zuciyar Hajiya, ya sa ka hau mota kafin Juma'a. In ba ka zo ba, ni za a tarar tsaye a bakin ƙofa, ba mai fita da shi.

Matarka,
Uwar Bashir